Taurin Bayan Gida Mai Daɗewa: Idan An Auna Ba A Ga Komai Ba

 

Maganar da zan yi muku yau magana ce da ake jin nauyinta. Mutum yakan faɗi zazzaɓinsa a tsakiyar kasuwa, ya faɗi ciwon bayansa, amma ya shekara yana shan wuya a makewayi bai gaya wa ko abokin zamansa ba. Saboda haka ku yi mini afuwa, zan kira abubuwa da sunayensu, domin kunya ba ta taɓa warkar da ciwo ba. Maganar kuwa ita ce taurin bayan gida, wanda wasu ke kira ɗaurewar ciki, musamman irin wanda ya daɗe, aka je asibiti aka auna jini, aka ɗauki hoton ciki, aka ce ba a ga komai ba.

Wane ne mai wannan matsala

Da farko mu kau da wani kuskure. Ba dole ne mutum ya yi bahaya kullum ba kafin a ce yana da lafiya. Wani sau uku yake zagayawa a rana, wani sau uku a mako, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau, muddin abin yana fita da taushi, ba tare da wahala ba.

Likitocin ciki na duniya suna da ma'aunin da ake kira ma'aunin Roma, wanda aka sabunta a shekarar 2016. Alamomi shida aka lissafa a cikinsa: yin bahaya ƙasa da sau uku a mako, yawan yunƙuri da nishi, bahaya mai tauri, ƙulu-ƙulu kamar kashin awaki, jin cewa ba a gama ba bayan an tashi, jin kamar wani abu ya toshe hanya, da kuma sai an sa yatsa ko an danna kafin ya fita. Wanda yake da biyu daga cikinsu ko fiye, suna damunsa cikin wata uku na baya-bayan nan, kuma abin ya faro tun wata shida ko sama da haka, to taurin bayan gidansa ya zama mai daɗewa. Mata sun fi maza fama da shi, tsofaffi kuma sun fi matasa.

Abin da ke faruwa a cikin hanji

Abincin da muka ci yana narkewa a tumbi da ƙaramin hanji cikin 'yan sa'o'i. Ragowarsa tana shiga babban hanji tana ruwa-ruwa. Tsawon babban hanji ya kai kimanin mita 1 da rabi, aikinsa kuwa shi ne tsotse ruwa daga wannan ragowa ya mayar wa jiki. Kimanin lita 1 zuwa lita 1 da rabi ke shiga cikinsa a kowace rana, amma abin da ke fita tare da bahaya bai wuce cikin ɗan kofin shayi ba. Ku riƙe wannan da kyau: iya daɗewar bahaya a cikin hanji, iya bushewarsa. Ku dubi tuwon da aka bari a buɗe cikin hunturu, yadda yake ƙandarewa. Haka abin yake.

A wurin wasu mutane, hanjin ne yake tafiyar hawainiya. A wurin wasu, hanjin yana turowa daidai, amma naman da ke riƙe da ƙofar dubura, maimakon ya saki lokacin yunƙuri, sai ya ƙara matsewa, kamar mai tura ƙofa alhali ƙafarsa ta tare ta. Wasu kuma sun daɗe suna danne buƙatar zagayawa har jikinsu ya daina sanar da su. Duk waɗannan matsalar aiki ce, shi ya sa hoto ba ya nuna su, gwajin jini ma ba ya nuna su. Injin niƙa yana iya zama babu inda ya karye, amma yana juyawa a hankali.

Don haka idan likita ya ce bai ga komai ba, bai ƙaryata ku ba. Abin da yake nufi shi ne bai ga ƙari ba, bai ga toshewa ba, bai ga wata cuta ɓoyayya ba. Wannan albishir ne. Wahalar da kuke sha gaskiya ce, tana da suna a littattafan likitanci, tana kuma da magani. Kada rashin ganin komai a hoto ya sa ku ɗauka jifa ne ko sammu, har ku kwashe jarinku ku kai inda ba za a amfane ku ba.

Kafin a ce babu dalili

Ba a yanke hukuncin cewa babu dalili sai an bincika. Akwai magungunan da ke ɗaure ciki, kuma da yawansu suna yawo a kasuwanninmu. Na gaba-gaba shi ne tiramol, wanda wasu 'yan dako da 'yan acaba da direbobi ke sha don su jure aiki, da maganin tari mai kodin. Suna kwantar da motsin hanji ƙwarai. Akwai maganin tsayar da gudawa idan aka yawaita shi, da wasu magungunan gyambon ciki masu sinadarin alminiyam, da wasu na hawan jini, da wasu na damuwa da na farfaɗiya. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu ita ma tana taurara bahaya, tana kuma baƙanta shi. Iyayena mata, kada ku daina shanta don wannan, domin ƙarancin jini ya fi haɗari a gare ku da abin da ke cikinku. Ku gaya wa ungozomar asibiti a wurin awo, za ta taimaka muku. Cin farar ƙasa da wasu masu ciki ke yi shi ma yana cushe hanji.

Akwai kuma cututtukan da ke kawo shi: ciwon suga da ya daɗe, raunin aikin ƙullutun nan na wuya wanda idan ya kumbura ake kira maƙoƙo, shanyewar ɓarin jiki, da ciwon daji na hanji. Wannan ne dalilin da ya sa ma'aikacin lafiya zai yi muku tambayoyi, ya taɓa cikinku, wani lokaci ya sa safar hannu ya duba dubura da yatsa. Dubawar ba ta wuce minti ɗaya ko biyu, tana kuma bayyana abubuwa da yawa. Mace tana da haƙƙin neman mace ta duba ta, ko a tsayar da wata mace a ɗakin.

Alamomin da ba a jira da su

A nan nake roƙon ku buɗe kunnuwanku, domin a nan ake rasa rai. Ku je asibiti cikin 'yan kwanaki, kada ku tsaya gwada magani, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan: jini a bahaya, ja ko baƙi kamar kwalta, rama ba tare da dalili ba, kasala da ɗashewar ido da tafin hannu, ƙulli da ake ji a ciki, tauri da gudawa suna musanya, ko canjin yanayin bahaya da ya zo sabo ga wanda ya kai shekara 50. Haka nan wanda aka taɓa samun ciwon dajin hanji a iyayensa ko 'yan'uwansa na jini.

Mun saba duk jinin da ya fito ta dubura mu ce basir ne. Sau da yawa basir ɗin ne, ko kuwa tsagewar bakin dubura saboda tauri. Amma ciwon dajin hanji ma haka yake farawa, kuma ba a bambance su da ido daga nesa. Wanda ya shekara yana shan maganin basir na kwalba alhali ƙari ne ke girma a cikinsa, ya yi asarar lokacin da aiki zai iya ceton sa.

Akwai kuma halin da ba a kwana da shi. Idan ciki ya kumbura ya yi tauri, yana murɗa mai tsanani, ana amai, bahaya ya tsaya, ko iska ba ta fita, to hanji ya toshe ko ya murɗe. Haka nan mai gwaiwa ko ƙaba da ta fito ta ƙi komawa tana ciwo. Kada a ba shi abinci, kada a ɗura masa maganin wankin ciki, domin yana iya fasa hanjin. A nemi mota a kai shi babban asibitin da ake tiyata, ko da tsakar dare ne. Jariri kuma da bai yi kashinsa na farko ba cikin sa'a 48 da haihuwa, ko cikinsa yana kumbura yana amai kore, shi ma a gaggauta kai shi.

Yadda kasuwa ke ɗaure ciki

Idan an kawar da waɗancan, sai mu dubi yadda muke rayuwa. Ɗan kasuwa yakan fita tun asuba. Wanda zai ci kasuwar Jibiya daga Maraɗi, ko ta Illela daga Ƙonni, ko kasuwar Alhamis ta Maigatari daga ƙasar Damagaram, yakan yi sa'o'i a matse cikin mota, ga tsaye-tsaye a kan iyaka. Ya isa ya zauna a rumfa har la'asar. Buƙata ta zo, ga mai ciniki a tsaye, babu wanda zai bar wa kaya, sai ya danne. Banɗakin kasuwa na kuɗi ne, ko ya yi nisa, ko ƙazantarsa ta hana shiga. Mata sun fi shan wannan wuya: da yawa suna rage shan ruwa da gangan don kada fitsari ya matsa musu, suna kuma riƙe bahaya sai sun koma gida da dare. Ga zafin bazara da yakan haura digiri 40 a wannan yanki namu, gumi yana kwashe ruwan jiki, hanji kuma yana ƙara tsotse na bahaya don ya cike gurbin.

Abincin ma ya canza. Shayi da burodi da safe, farar shinkafa ko taliya da rana, lemon kwalba a kai. Hatsin ma ana surfa shi fes, a ba dabbobi dusar. Alhali a cikin dusar nan, da ɓawon wake, da zaren ganye, akwai abin da likitoci ke kira faiba, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa. Shi ke riƙe ruwa, ya ba bahaya auki da taushi, ya sa hanji ya motsa.

Abin da za a yi a gida

Na farko, abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya sami aƙalla giram 25 na faiba a rana, da giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa. Ba sai kun auna ba, ba kuma sai kun sayi abin waje ba. Wake yana kan gaba: shinkafa da wake, fate, alala, ƙosai. Sai tuwon gero da na dawa da ba a cika surfe ba, da dambu, da kwaɗon zogale da na rama, da miyar kuka da ta kuɓewa da ta alayyahu da taushe, da dankali da kabewa. A 'ya'yan itatuwa akwai gwanda, mangwaro, goba, dabino, aya, da lemon zaƙi idan an ci har da tsokarsa. Ku sa ɗaya daga cikin waɗannan a kowane cin abinci. Amma ku ƙara a hankali cikin mako biyu ko uku, domin wanda ya auka wa wake da ganye a rana ɗaya zai sha kumburin ciki da iska, har ya ce abin bai karɓe shi ba.

Na biyu, ruwa. Faiba ba tare da ruwa ba yana iya ƙara cushewa. Baligi yana buƙatar kimanin lita 1 da rabi zuwa lita 2 a rana, wato ledar ruwa uku zuwa huɗu, ya kuma ƙara a lokacin zafi. Ma'auni mai sauƙi shi ne fitsari: idan ya yi ja kamar shayi, ruwan bai isa ba. Mai ciwon zuciya ko na ƙoda ya bi iyakar da likitansa ya sa masa. A watan azumi a rarraba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur, a kuma sa wake ko ganye ko kunun da ba a tace sosai ba a sahur.

Na uku, lokaci. Hanji ya fi motsi da safe, da kuma bayan an ci abinci. Ku tashi da ɗan sauran lokaci, ku karya kumallo ko ku sha abu mai ɗumi, bayan minti 20 ko 30 ku shiga makewayi, ko buƙatar ba ta matsa ba. Ku yi haka kullum a lokaci guda, jiki zai koya. Kada ku wuce minti 10, kada ku yi yunƙurin da zai tsayar muku da numfashi, domin shi ke haifar da basir. Ku saki ciki, ku yi numfashi a hankali. Idan bai zo ba, ku tashi, gobe ma rana ce. Idan kuma buƙata ta zo a kasuwa, ku bar wa maƙwabci amanar rumfa ku je. Cinikin da zai wuce ku bai kai kuɗin magani ba.

Tsugunon da muka gada yana da amfani, domin yana miƙar da hanyar fita. Mai masai na zama ya sa ɗan kututture ko 'yar kujera a ƙarƙashin ƙafafunsa, gwiwoyi su ɗara ƙugu tsawo, ya ɗan sunkuya gaba.

Na huɗu, motsi. Tafiyar ƙafa ta minti 30 a rana tana taimakon hanji. Mai zaman rumfa ya riƙa tashi yana zagayawa, tsoho ma a taimaka masa ya taka ko a tsakar gida ne.

Ina kuma kira ga sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na tasha: makewayi mai tsabta, mai ƙofa da ruwa, da ɓangaren mata daban, magani ne da ya fi kwalabe dubu.

Maganar magani

Idan an yi wata guda ana kiyaye waɗannan ba a ga sauƙi ba, to a haɗa da magani, babu laifi a cikin haka. Akwai masu jawo ruwa cikin hanji su tausasa bahaya, kamar makrogol, garin da ake damawa a ruwa, da laktulos mai kama da zuma. Waɗannan sukan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin su fara aiki, don haka kada a yi gaggawar cewa ba su yi ba. Akwai masu zaburar da hanji, kamar bisakodil da sena, waɗanda ake sha da dare su yi aiki da safe. Ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa muku wanda ya dace da adadinsa, musamman ga mai juna biyu, da yaro, da tsoho. Mai matsalar da ta daɗe yakan buƙaci shan magani na makonni ko watanni, sannan a janye shi sannu a hankali. Wanda matsalarsa ta matsewar ƙofa ce, magani kaɗai ba ya isar sa, sai an tura shi wurin likitan ciki a koya masa sakin naman wurin.

Sunan magani a farmasin Nijar yakan bambanta da sunansa a kyamis ɗin Najeriya, alhali abu ɗaya ne a ciki. Ku riƙa ajiye kwalin da takardar asibiti, ku nuna su duk inda kuka je, ko a likitar Maraɗi ko a asibitin Katsina, don kada a haɗa muku magani iri ɗaya sau biyu, ko a maimaita gwajin da kun riga kun biya.

Game da maganin wankin ciki da ake tallarsa da lasifika, ga abin da ke faruwa. Ya sa ku gudawa mai ƙarfi, hanji ya zama wayam, jiki ya rasa ruwa da gishirinsa. Sai a yi kwana biyu ko uku babu bahaya, domin babu abin da zai fita. Mutum ya ɗauka ciwon ya dawo, ya koma ya sake saye. Filasko da iyayenmu suka sani ɗan'uwan sena ne, yana aiki, amma a jiƙo ba a san adadin da aka sha ba, abin da ke cikin kwalbar talla kuwa babu mai iya gaya muku. Kanwa mai yawa tana cutar da jiki. Filajil da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba sa maganin tauri. Kada kuma a yarda wani ya yanke ko ya ƙone basir a gida ko a kasuwa.

Yara da tsofaffi

Yaro yakan yi bahaya mai tauri sau ɗaya ya ji zafi, daga nan ya shiga tsoro. Sai ku ga yana matse ƙafafu, yana ɓuya a lungu, yana riƙewa. Abin ya taru ya ƙandare, mai ruwa-ruwa ya riƙa zurarowa ta gefensa yana ɓata wando ba da saninsa ba. Wannan yaro ba ƙazami ba ne, ba kuma gudawa yake yi ba. Duka da tsawa suna ƙara masa tsoro, maganin tsayar da gudawa kuma yana ƙara ɗaure shi. A kai shi asibiti, a kuma yi haƙuri da magani na watanni. Kada a zura masa sabulu, kada a yi masa ɗurin ruwan sabulu ko na jiƙo ta dubura. Jaririn da ke shan nono zalla yana iya yin kwanaki bai yi kashi ba, kuma lafiyarsa lau muddin yana tsotso, cikinsa da taushi, kashin ma idan ya zo da taushi. Kada a ba shi ruwa ko jiƙo kafin wata 6.

Tsoho mai kwanciya shi ma haka abin yakan zo masa. Idan ya yi kwanaki bai zagaya ba, sannan ruwa ya fara zubo masa, ko ya ƙi abinci, ko ya rikice, a sanar da ma'aikacin lafiya.

Jama'a, ciwon da ya yi shekara yana ginuwa ba ya rushewa a kwana ɗaya. Wanda ya ga alamar haɗari ya tafi asibiti tun yau. Wanda aka auna aka ce ba a ga komai ba, ya kwantar da hankalinsa, ya gyara tukunyarsa, ya riƙe ruwansa, ya ba hanjinsa lokaci kowace safiya, ya koma wurin ma'aikacin lafiya bayan wata guda ya faɗi yadda ake ciki. Ku isar da wannan magana ga na gida da maƙwabtan rumfa, domin mai fama da abin ba lallai ya tambaya ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa albarka a kasuwa.